Aikin Rabin Yini Bayan Ritayar Rashin Lafiya: Amfaninsa Da Giɓin Da Doka Ta Bari

LEGAS — A ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya, ma'aikaci yana ajiye aiki ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko kuma shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Malaman makaranta sun sami ƙari zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki ta wata doka ta shekarar 2022, farfesoshin jami'a kuwa sai sun kai shekara 70. Sai dai akwai wani rukuni na ma'aikata da ciwo ke yanke wa wannan lissafi tun da sauran ƙarfinsu: waɗanda shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko ciwon zuciya, ko raunin gani, ko ciwon baya mai tsanani ya tilasta wa barin ofis ko masana'anta suna da shekara arba'in da 'yan kai.

Da yawa daga cikin irin waɗannan bayin Allah ba su kwanta ba. Abin da ya gagare su shi ne aikin awa takwas a kullum, da sammakon fita, da zaman sa'o'i cikin cunkoson motoci daga Agege ko Ikorodu zuwa tsibirin Legas, ko daga Mararaba zuwa tsakiyar Abuja. Aikin awa uku ko huɗu, ko na kwana biyu zuwa uku a mako, wanda ake kira aikin rabin yini, bai fi ƙarfinsu ba, kuma suna da iyali da kuɗin haya da kuɗin makaranta a wuyansu. Dokokin ƙasar nan sun yi bayani filla-filla kan yadda mara lafiya zai fita daga aiki, amma sun taƙaita ƙwarai kan yadda zai koma ya yi ɗan abin da jikinsa zai iya.

Yadda Ake Fita Daga Aiki

Dokar Ƙwadago ta shekarar 1974, wadda galibi ta shafi leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya na kwana 12 na aiki a shekara tare da albashi, muddin likita ya tabbatar da ciwon. A aikin Gwamnatin Tarayya kuwa, Dokokin Aikin Gwamnati na 2008 sun ƙayyade kwana 42 cikin wata 12 ga jami'in da ba a kwantar da shi a asibiti ba. Idan ya zarce haka, sai a gabatar da shi gaban kwamitin likitoci, wanda zai duba ko zai iya ci gaba da aiki ko kuwa a sallame shi saboda rashin lafiya.

Rahoton likitocin nan shi ne mabuɗin asusun fansho. Dokar Gyaran Fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta hana ma'aikaci taɓa Asusun Ajiyar Ritayarsa kafin ya cika shekara 50. Amma sashe na 16 na dokar ya togace wanda ya yi ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci da aka kafa bisa ƙa'ida, waɗanda suka tabbatar cewa jikinsa ko hankalinsa ba zai iya ɗaukar nauyin muƙaminsa ba, da kuma wanda ya sami nakasa ta dindindin. Irin wannan ma'aikaci yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran kuma a riƙa biyansa wata-wata ta hannun kamfanin da ke kula da asusunsa, ko kuma ya sayi fanshon har abada daga kamfanin inshorar rai.

Akwai bambanci tsakanin wannan da halin wanda ya ajiye aiki don kansa, ko aka rage shi, ba tare da takardar likita ba. Shi wannan, idan bai kai shekara 50 ba, abin da zai iya cira bai wuce kashi 25 daga cikin 100 na abin da ke asusunsa ba, kuma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Saboda haka ma'aikacin da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rubuta takardar murabus cikin gaggawa ko cikin ɓacin rai ba tare da ya bi ta hannun likitoci ba, ya rufe wa kansa ƙofar da doka ta buɗe masa.

Idan kuwa ciwon ko raunin ya samo asali ne daga aikin, to akwai wata doka ta daban. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 daga cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke gudanarwa. Dokar ta tanadi biyan kashi 90 daga cikin 100 na albashi ga wanda ya nakasa baki ɗaya, tare da kuɗin magani da na farfaɗo da shi. Sharaɗi shi ne ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, kuma a shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda.

Abin Da Ke Cikin Asusu

A ƙarƙashin tsohon tsari na Dokar Soja mai lamba 102 ta shekarar 1979, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin fansho da kuɗin sallama daga baitulmali, bisa yawan shekarun aiki da albashin ƙarshe. A sabon tsarin karo-karo kuwa, abin da mutum ya tara shi zai ci. Ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 daga cikin 100 na albashinsa na asali da alawus ɗin gida da na sufuri, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba aƙalla kashi 10. Ya zuwa ƙarshen 2024, kuɗin da aka tara a tsarin ya haura Naira tiriliyan 22, asusun da aka yi wa rajista kuma sun haura miliyan 10, bisa alƙaluman Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom.

Yawan wannan dukiya bai kamata ya ruɗi mai ritayar rashin lafiya ba, domin asararsa ta fuska biyu ce. A ɗauki misalin ma'aikacin da albashinsa da alawus ɗin nan biyu suka kama Naira 150,000 a wata. Abin da ke shiga asusunsa shi ne Naira 27,000 a wata, wato Naira 324,000 a shekara. Idan ya bar aiki yana da shekara 45 maimakon 60, ya rasa zubin shekara 15, wanda ya kama Naira 4,860,000, ba a ma sa ribar da kuɗin zai haifa ko ƙarin girman da zai samu ba. Shekarun ƙarshe na aiki su ne na albashi mafi tsoka, kuma su ne ciwo ya ɗauke masa. Fuska ta biyu ita ce, ɗan abin da ya tara za a raba shi ne a kan shekaru masu yawa, tun da ya fara ci da wuri, saboda haka rabon kowane wata sai ya ƙara tsukewa.

Waɗanda suka fara aikin Gwamnatin Tarayya kafin watan Yuli na 2004 suna da wani haƙƙi na shekarun da suka yi a tsohon tsari, wanda sai gwamnati ta zuba shi a asusunsu kafin a fara biyansu. Jinkirin zuba wannan kuɗi ya sa masu ritaya da dama sun shafe watanni, wasu fiye da shekara, babu albashi babu fansho. A watan Fabrairu na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da fitar da takardun lamuni na Naira biliyan 758 domin biyan basussukan fansho da suka taru. Ga mai lafiya, irin wannan jira wahala ce. Ga mai shan magani kullum, yana iya zama sanadin ajali.

Kuɗin Magani

A daidai lokacin da kuɗin shiga ya ragu ne kuɗin fita yake ƙaruwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 daga cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya yana fitowa ne kai tsaye daga aljihun marasa lafiya da danginsu. Shirin inshorar lafiya na ma'aikata da aka ƙaddamar a 2005 ya ƙunshi ma'aikaci da abokin zamansa guda da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma an gina shi ne a kan albashi. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma kafa asusun tallafa wa masu rauni, sai dai wanda ya bar aiki dole ne ya bincika matsayinsa tun da wuri, ya san ko zai shiga shirin ɗaiɗaikun mutane ko na jiharsa.

Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da sakin darajar Naira a watan Yuni na shekarar, sun ɗaga farashin magungunan da ake shigowa da su daga waje. A cikin wannan shekara kamfanonin GlaxoSmithKline da Sanofi suka ba da sanarwar sauya tsarin kasuwancinsu a ƙasar nan, suka koma sayarwa ta hannun dillalai. Hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 daga cikin 100 a watan Disamba na 2024, kafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'aunin da take amfani da shi.

Halin masu ciwon ƙoda ya isa misali. Ana yi wa mai wannan ciwo wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zama guda daga Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. Ko a wannan farashi mai rahusa, zama biyu a mako ya kama Naira 96,000 a mako huɗu, wato ya zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024. Wannan misali ya nuna abu biyu: fansho kaɗai da wuya ya riƙe irin wannan mara lafiya, kuma aikin da zai dace da shi sai wanda zai bar masa ranakun asibiti.

Ko Doka Ta Yarda Ya Koma Aiki?

Mutane da yawa suna tsoron cewa idan aka gan su suna wani ɗan aiki za a tsayar musu da fansho. A tsarin karo-karo, kuɗin da ke asusu mallakar mai shi ne, kuma shaidar da likitoci suka bayar ta shafi muƙamin da ya bari ne. Direban babbar mota da ciwon baya ya hana tuƙi yana iya zama ya riƙe littafin shige da fice na motoci. Ma'aikaciyar jinya da ba ta iya tsayuwar dare tana iya koyarwa na 'yan sa'o'i a makarantar koyon aikin lafiya. Bugu da ƙari, sashe na 16 ya ba mai ritayar rashin lafiya damar neman likitoci su sake duba shi sau ɗaya a kowace shekara biyu. Idan suka tabbatar ya warware, kuma ya sami wani aiki, yana iya sake shiga tsarin ya ci gaba da zubi.

Akwai iyakoki guda biyu da ya kamata a sani. Na farko yana cikin Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata suka hana jami'in da ya yi ritaya, yana karɓar fansho daga dukiyar jama'a, riƙe fiye da muƙami guda mai albashi a kamfanin gwamnati ko wata hukumarta. Muƙami ɗaya ya halatta. Na biyu ya saɓa wa doka. Na biyu kuma ya shafi masu karɓar diyyar NSITF saboda nakasar da ba ta game jiki ba, domin ana lissafa diyyarsu ne bisa ƙiyasin abin da suka rasa na samu, saboda haka ya dace su nemi bayani daga hukumar kafin su sa hannu a wata sabuwar yarjejeniyar aiki.

Wannan jadawali dai shi ne ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa, in ban da noma. Ma'anar haka ita ce, jami'in da ya bi doka sau da ƙafa yana iya wayar gari an sallame shi saboda ciwo ba tare da yana da shago ko abokan ciniki ba, noman da aka halatta masa kuwa shi ne aikin da ya fi buƙatar ƙarfin jiki.

Ta fuskar haraji kuwa, kuɗin fansho ba a cire masa haraji. Abin da mutum ya samu daga aikin rabin yini yana cikin kuɗin shiga da doka ta sani, amma Dokar Haraji ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, domin ta fara aiki daga watan Janairu na 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara.

Inda Doka Ta Yi Shiru

Matsalar tana bayyana ne bayan an sami aikin. Dokar Mafi Ƙarancin Albashi ta 2019 ta fitar da masu aikin rabin yini daga cikin waɗanda ta kare, haka nan masu aikin kamasho ko na jinga, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Waɗannan kuwa su ne ainihin wuraren da mai ritayar rashin lafiya yake samun gurbi: ƙananan makarantu masu zaman kansu, da shagunan magani, da ƙungiyoyin gama kai, da ƙananan kamfanonin sufuri. Don haka ladan aikinsa ya rataya ne a kan cinikin da ya yi da bakinsa, kuma mai neman kuɗin magani ba ya doguwar tayi.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da Yarjejeniya mai lamba 175 kan aikin rabin yini a shekarar 1994, wadda ta ce kada ladan awa guda na mai irin wannan aiki ya gaza na takwaransa na cikakken lokaci don kawai sa'o'insa kaɗan ne, kuma a ba shi hutu da sauran haƙƙoƙi gwargwadon aikinsa. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da suka amince da wannan yarjejeniya. Dokar Hana Nuna Wariya ga Nakasassu, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta haramta wariya wajen ɗaukar aiki, ta kuma nemi hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 daga cikin 100 na guraben aiki ga nakasassu. Amma tsarin aikin gwamnati an gina shi ne bisa cikakken yini, kuma zaɓin da ke gaban kwamitin likitoci galibi biyu ne: ko a ci gaba ko a sallama.

Duk da haka akwai kariya guda biyu da mai aikin rabin yini zai iya dogara da su. Dokar Biyan Diyya ta 2010 ta ambaci masu aikin rabin yini da na wucin gadi ƙarara a cikin ma'anar ma'aikaci, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Dokar Ƙwadago kuma ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ba ma'aikacin da ta shafa takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Idan rigima ta taso, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraronta, kuma takarda ta fi shaidar baki nauyi a gabanta.

Ko alƙaluman gwamnati ma ba sa ware irin waɗannan mutane. Tun daga 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take lissafa duk wanda ya yi aikin awa guda a mako don samun kuɗi a matsayin mai aiki, abin da ya sa adadin marasa aiki ya sauko daga kashi 33.3 daga cikin 100 a ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Ana sa mutum cikin masu ƙarancin aiki ne idan sa'o'insa ba su kai 40 a mako ba, kuma yana so, yana da halin ƙarawa. Mara lafiyar da ke aikin awa goma a mako, wanda jikinsa ba zai iya ƙari ba, yana shiga layin masu aiki kawai, tamkar ba shi da wata damuwa.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Ƙasashen da ke biyan marasa lafiya alawus na wata-wata daga asusun gwamnati sun fuskanci wannan tambaya tun da daɗewa, kuma sun shimfiɗa mata ƙa'ida. A Birtaniya, mai karɓar alawus ɗin rashin lafiya yana iya yin aikin da bai kai awa 16 a mako ba, matuƙar abin da yake samu bai wuce wani adadi da aka ƙayyade ba, kuma alawus ɗinsa ba zai tsaya ba. A Amurka, mai karɓar inshorar nakasa yana da wata tara na gwajin aiki, waɗanda a cikinsu zai karɓi cikakken haƙƙinsa ko nawa ya samu. Manufar ita ce mutum ya gwada ƙarfinsa ba tare da fargabar rasa abin da yake da shi ba. A Nijeriya babu irin wannan alawus na bai ɗaya ga wanda ciwonsa bai samo asali daga aiki ba, saboda haka aikin rabin yini a nan yana cike gurbin da gwamnati ke cikewa a can.

Ayyukan Da Suka Dace, Da Tarkon Da Ke Hanya

Jarin da mai ritayar rashin lafiya ya fi ƙarfi a kansa shi ne ƙwarewar shekara ashirin ko fiye. Tsohon akanta yana iya riƙe littattafan 'yan kasuwa biyu ko uku a manyan kasuwanni irin su Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan, inda ake juya dukiya mai yawa amma ba kowa ke iya biyan akanta na dindindin ba. Tsohon malami yana iya koyar da ɗalibai a gida, ko ya shiga aikin duba takardun jarrabawar WAEC da NECO, wanda na lokaci-lokaci ne. Tsohon injiniya ko ma'aikacin lafiya yana iya ba da shawara ko horar da matasa. Wayar hannu da intanet sun sa wasu ayyukan, kamar fassara da rubuta takardu da lissafin haraji, ana yin su daga ɗaki. Ga ƙaramin kamfani kuwa wannan ciniki ne mai riba, domin zai sami gogaggen hannu da kuɗin da bai kai albashin wata ba.

Tarkon da ya fi kama masu ritaya shi ne zuba kuɗin da suka karɓa a dunƙule cikin sana'ar da ba su sani ba. Motar haya da aka ba wani ya tuƙa, ko kiwon kaji da mai shi ba zai iya tsayawa a kai ba, suna cinye jari cikin ɗan lokaci, kuma wanda ya bar aiki saboda ciwo ba shi da albashin da zai mayar da gurbi. Mafi muni su ne kamfanonin damfara masu alƙawarin ninka kuɗi, irin su MMM da ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, da CBEX da ya durƙushe a watan Afrilu na 2025. Akwai hanyoyi masu aminci ga mai ƙaramin ƙarfi, kamar Takardun Ajiya na Gwamnatin Tarayya da Ofishin Kula da Basussuka ya fara sayarwa a 2017 daga Naira 5,000. Ga masu ƙyamar kuɗin ruwa kuwa akwai takardun Sukuk na Gwamnatin Tarayya da aka fara fitarwa a 2017, da kuma asusun fansho marar ruwa da PenCom ta ɓullo da shi a 2021.

Wanda ya koma sana'ar kansa yana iya ci gaba da tara wani abu don tsufa. A watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da shirin fansho na masu ƙananan sana'o'i, wanda ya ba mutum damar zubi kullum ko mako-mako ko wata-wata gwargwadon hali, tare da damar cire wani kaso idan buƙata ta taso. Wannan yana da muhimmanci ga wanda ya fara cin fanshonsa da wuri, domin tsufa na nan tafe ko da ciwo ya riga shi sallama.

Lissafi Kafin Yanke Shawara

Likitoci sun daɗe da sanin cewa zaman kashe wando yana ƙara wa mai doguwar jinya damuwa da kaɗaici, kuma aiki daidai ƙarfi yana taimakawa wajen farfaɗowa, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki. Sun kuma san cewa wuce gona da iri yana iya mayar da hannun agogo baya ga mai hawan jini ko ciwon zuciya. Saboda haka likitan da ke duba mutum shi ne zai fara faɗin yawan sa'o'in da suka dace da irin aikin da za a guje wa. Bayan haka sai a cire kuɗin mota da na abinci daga ladan da aka yi tayi, domin a birni irin Legas aikin awa uku mai nisa yana iya ƙarewa a aljihun direbobi. Sai kuma a rubuta sharuɗɗa a takarda: ranakun aiki, da lada, da ranakun asibiti, da abin da zai faru idan ciwo ya tashi.

Sauran nauyin yana kan gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da na masu masana'antu. Gyara guda uku za su sauƙaƙa wa wannan rukuni: a ƙayyade mafi ƙarancin ladan awa guda domin masu aikin rabin yini su shiga inuwar doka, a ba kwamitin likitoci zaɓi na uku, wato rage wa ma'aikaci sa'o'i ko sauya masa aiki kafin a kai ga sallama, a kuma tabbatar inshorar lafiya ba ta yanke ba a ranar da albashi ya yanke. Gyaran da aka yi wa Dokar Mafi Ƙarancin Albashi a 2024 ya rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, wanda ke nufin za a koma teburin shawara a shekarar 2027. A wannan zama ne wakilan ma'aikata za su sami damar gabatar da batun masu aikin rabin yini, waɗanda dokar ta bari a waje.